Sunan da Uwa Ba Ta Taɓa Kira Ba

A zamanin da, tun ana auna ƙarfin ƙasa da yawan rumbunanta, an yi wani sarki ana ce da shi Arzika. Ƙasarsa ba ta fi sauran ƙasashe girma ba, amma akwai ruwa, akwai karofin rini, fatake kuma ba sa wuce ta sai sun sauke kaya. Sarkin nan ba azzalumi ba ne, wannan kam zan shaide shi. Sai dai ya taɓa kafa wata doka wadda ko azzalumai ba ta zo musu a rai ba. Ya hana a kira wani suna a duk faɗin ƙasarsa, sunan kuwa na ɗansa ne.

Ga yadda abin ya samo asali. Sarki ya daɗe da uwargidansa Kubura ba su sami haihuwa ba, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da Allah ya kawo rabo ta haifi namiji, sai ya ce ba zai sa wa yaron sunan kowa a zuriyarsu ba, domin duk sunan da aka ambata masa sai ya tuna kabarin mai shi. A lokacin akwai wani baƙon malami, Malam Ukashatu, wanda ya biyo ayarin fatake daga gabas. Shi ya ce a sa masa Halidu. Aka tambaye shi ma'ana, ya ce kalmar Larabawa ce, tana nufin mai daɗewa, wanda ba ya gushewa da wuri. Mutanen ƙasar ba su taɓa jin sunan ba, har tsofaffi suka yi ta tuntuɓe da shi a baki, amma sarki ya ji ya kwanta masa a rai. Ya ɗauki jaririn, ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa sunan a kunne. Daga ranar bai sake furta shi ba.

Kada a ga laifinsa a nan. Yaron ɗan fari ne, kuma iyayen da suka san kansu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa yabonsa ko da ya kamo zaki da hannu. Sarki ya kiyaye wannan kunya, amma Kubura ta fi shi nesa ba kusa ba. Da aka yaye yaron aka kai shi wurin goggonsa. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai, ta amsa kamar da bango take magana. In za ta ambace shi sai ta ce “ɗan nan” ko “wancan”. Amma jakadiyarta, wata dattijuwa mai suna Yalwa, ta san cewa furar da ta fi kyau a gidan kullum ɓoye ta ake yi, a aika masa a ce ragowa ce. Matan gari kuwa har misali suke yi da ita in suna yi wa amare faɗa.

Halidu ya girma ya zama saurayi mai sanyin hali. Ana nan sai agana, ciwon nan mai barin zanzana a fuska, ta faɗo wa garin. Ta fi tsanani a Unguwar Marina, wadda ke daidai bayan katangar gidan sarki. Aka yi abin da aka saba yi, aka kafa bukkoki a bayan ganuwa, duk wanda ya kamu a kai shi can. Abinci ana ajiye musu daga nesa, amma ruwa ya gagara, domin masu jan ruwa sun ce ko za a yanka su ba za su matsa kusa ba. Halidu ya ji labarin ƙishirwa tana kashe mutane kafin ciwon ya kashe su. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki tulu ya fita. Da wasu samari suka ga ɗan sarki da tulu a ka, kunya ta sa suka bi shi. Mutane da yawa suka tashi saboda ruwan nan. Shi kuwa ciwon ya kama shi, aka kwantar da shi a bukka kamar kowa, kuma bai tashi ba. Can bayan ganuwa aka binne shi.

Bayan annoba ta wuce, sunan da tsofaffi ke tuntuɓe da shi ya zama ruwan dare. Marina suka fara, masaƙa suka ɗauka, har ƙauyuka. Duk gidan da aka yanka ragon suna na ɗa namiji, da wuya ka ji ba Halidu ba ne. Ba wanda ya umarce su. Godiya ce kawai irin ta talaka, wanda ba shi da abin bayarwa sai ɗansa. In la'asar ta yi sanyi, sai ka ji mata ta kowace kusurwa suna kwaɗa kira, wannan tana neman nata Halidun ya zo ya ci tuwo, waccan tana neman nata ya koro awaki.

Sarki ya daure, ya daure, har wata rana yana komowa daga masallaci ya ji wata mata tana bin ɗanta da muciya, tana kiran sunan nan tana haɗa shi da zagi irin na uwar da aka ɓarar wa miya. Sarki ya tsaya cik. Da ya shiga fada sai ya kira wazirinsa Mamuda, dattijo mai jinkirin magana, wanda suka taso tare. Ya ce masa ya gaji. Kowane kira sai ya ji kamar an tone kabarin ne sabo. Ya ce in shi da yake namiji abin yana yi masa haka, ina ga uwargida, baiwar Allah da ɗakinta ke jikin katangar Unguwar Marina, tana jin wannan safe da yamma? Ko don ita, dole a daina. Wanda aka riga aka sa wa sunan a kira shi da laƙabi. Wanda kuwa ya sake raɗa wa ɗansa, ko ya kira shi a fili, ya bar ƙasar shi da iyalinsa.

Waziri ya tambaya ko an ji ta bakin uwargida. Sarki ya dube shi kamar ya yi saɓo. Yaushe zai zauna da ita su yi zancen ɗan fari? Tun rasuwar yaron ba su taɓa tada maganar ba, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Sankira ya sha wuya a ranar, domin an aike shi ya hana suna, an kuma hana shi faɗin sunan. Haka ya yi ta zagaya kasuwa yana cewa sarki ya gaishe ku, ya ce sunan nan da kuka sani, kun dai gane, to a bar shi. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya gane. Yara suka koma Ɗanlami da Bala da Ɗanjuma, mata suka riƙa cije harshe in kira ya zo musu baki. Garin ya yi shiru da la'asar, shirun da ba shi da daɗi.

A Unguwar Marina akwai wani marini ana kiransa Cindo, fuskarsa duk zanzana, hannuwansa sun rine da shuɗin baba har gwiwar hannu. Yana cikin waɗanda suka kwanta a bukkokin nan. A tsakiyar damina matarsa Ladingo ta haifi namiji, bayan 'ya'ya mata. Ranar suna liman ya matso ya ji abin da uban zai raɗa masa, da ya ji sai ya janye jiki, ya ce shi dai ba da bakinsa ba. Cindo ya miƙe a ƙofar gidansa, a gaban jama'a, ya faɗi sunan da kansa, ya ce a shafa fatiha. Kafin a gama feɗe rago dogarai sun iso.

Aka gurfanar da shi a fada. Sarki ya tambaye shi ko bai ji shela ba. Ya ce ya ji. Sarki ya ce to me ya kai shi?

Cindo ya ce, “Ranka ya daɗe, ina kwance harshena ya kumbura, ƙudaje sun rufe ni, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya tsaya daga nesa yana toshe hanci. Ɗanka ne ya ɗaga kaina ya ɗora a cinyarsa ya ba ni ruwa. A nan na yi wa Allah alkawari, in na tashi, in ya ba ni namiji, sunansa zan sa. Alkawarin ya riga dokar, ranka ya daɗe.”

Sarki ya sunkuyar da kai, sannan ya ce ba ya son ya cuce shi. Ya sake wa yaron suna, a ba shi wani ragon daga gidan sarki, magana ta wuce. Cindo ya ce ba zai iya ba. Kowa a wurin ya san abin da korar take nufi. Rafuka sun cika sun batse, hanya duk laka, ga mai jego ko wankan jego ba ta yi nisa da shi ba, ga jariri cibiyarsa ba ta gama warkewa ba. In suka fita ƙofar gari, da wuya yaron ya kai wata ƙasa da rai.

Waziri ya nemi a tambayi malamai tukuna, ko don kada a ce an yi gaggawa. Sarki ya yarda, ya jefa musu tambaya: suna na wane ne? Wani ya ce na uban da ya raɗa ne, yana da ikon ya janye abinsa. Wani ya ce na mai shi ne, in ya mutu an binne su tare. Malam Ukashatu, wanda tsufa ya riga ya rankwafar da shi, ya ce shi dai da ya kawo sunan bai ga ya ragu a wurinsa ba don wani ya ɗauka. Aka yi ta ja, kowa yana jawo nassi, har rana ta take. A ƙarshe sarki ya ɗaga hannu ya ce, “Na ji. To ga hukuncina. A kawo mini mutum ɗaya wanda ya fi ni haƙƙi a kan sunan nan, wanda rashin yaron nan ya fi ci masa rai, ya ce yana son ya ji ana kira. In an samu, na janye doka. In ba a samu ba kafin kasuwa ta sake ci, marini ya kama hanya.” Ya faɗi haka ne don ya tabbata babu wannan mutum a duniya.

Waziri kuwa ya san akwai. Ya san wani abu da ya binne a cikinsa tun ranar rasuwar, domin shi ya raka Kubura bayan ganuwa a ɓoye, da Halidu ya aiko yana son ganin mahaifiyarsa. Amma yaya za a yi bafade ya miƙe a fada ya ce matar sarki ce? Kuma ko an tambaye ta, ya san kunya ba za ta bar ta ta amsa ba. Ya aika aka kira masa jakadiya Yalwa, ya tambaye ta jikin uwargida. Tsohuwar ta fashe da kuka. Ta ce da, kullum la'asar sai uwargida ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin katangar baya, ta zauna da mazari a hannu kamar kaɗi take yi, alhali zaren ba ya ƙaruwa. Sai an kira magariba take tashi, kuma ranar takan ci abinci. Tun da aka yi shela ta fita sau ɗaya, ta zauna, ta saurara, ta koma ɗaki. Yanzu ko kunu sai an yi da gaske, ta rame har awarwaro yana zame mata.

Waziri ya koma wurin sarki da fuskar wanda ya sare. Ya ce ya duba, bai ga wanda zai kawo fada ba. Amma yana da shawara. Tun da marini ya ƙi sake suna, sarki uban kowa ne, ya karɓi yaron ya sake masa da kansa, ya huta da alhakin jariri. Sai dai al'ada ce, duk yaron da sarki zai raɗa wa suna ya zama ɗan gida, sai an fara kai shi uwargida ta ɗauke shi ta sa masa albarka. Sarki ya ga wannan mafita ce, ya amince.

Da hantsi aka shigo da Ladingo cikin gida, tana rungume da jaririn. Sarki da waziri suka tsaya a soron ciki, asabari ne kawai tsakaninsu da ɗakin uwargida. Kubura tana zaune a bakin gado, ta zama kamar ba ita ba. Yalwa ta karɓi yaron ta ɗora mata a cinya. Ta dube shi, ta gyara masa zane, sannan ta yi tambayar da kowace mace take yi in an miƙa mata jariri.

“Me aka sa masa?”

Ladingo ta dubi ƙasa. Kubura ta sake tambaya. Ladingo ta ce, “Ranki ya daɗe, an hana faɗa. Sunan wanda ya ba ubansa ruwa ne a bayan ganuwa.”

Kubura ta daɗe tana kallon jaririn. Wannan ba ɗanta na fari ba ne, ɗan marina ne, babu kunyar da ta tsaya tsakaninta da shi. Leɓɓanta suka motsa ba sauti, kamar mai koyon magana. Can sai ta ce, “Halidu.” Ta sake cewa, “Halidu.” Ta ɗaga shi ta manna a ƙirjinta, ta yi ta kira tana kuka, irin kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne nata.

A bayan asabari sarki ya dafa bango. Shekara da shekaru suna tare, bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Waziri ya matso kusa da shi, idonsa shi ma ya kawo ruwa, ya ce a hankali, “Allah ya ba ka nasara, an sake karya doka, kuma a cikin gidanka. In kira dogarai?”

Sarki ya ɗaga asabari ya shiga. Kubura ta gan shi, ba ta rufe fuska ba, ba ta kuma sauke yaron ba.

Ta ce, “Mai gida, yau zan faɗa maka, in ya so ka kore ni tare da su. Ranar da zai rasu na je. Na tsaya a bayan zana, ba a bar ni na shiga ba. Ya ji motsina, ya ce, Inna, ke ce? Na ce ni ce. Ya ce, Inna, ban taɓa jin kin kira ni ba, ki kira ni sau ɗaya in ji. Na duba, ga Waziri, ga masu jinya. Na buɗe baki, kunya ta riƙe ni. Na ce, Allah ya ba ka lafiya, ɗan nan. Ya ce amin. Na ce a raina gobe zan dawo ni kaɗai in kira shi. Kafin in kai gida aka biyo ni da labari.”

Ta share ido da gefen mayafi. Ta ce abin da ya riƙe ta a duniya tun daga ranar shi ne matan bayan katanga. In sun kira nasu, sai ta bi su a zuci, ta ji kamar ana biya mata abin da ta kasa. Ran da garin ya yi shiru, ranar ce ɗanta ya mutu mata da gaske.

Sarki ya zauna a ƙasa, a kan daɓe, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya ce shi don ita ya yi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta yi magana ba. Wannan ne ya fi komai ba ni tausayi a labarin nan, mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana tattalin ɗan'uwansa, kowa yana ƙara masa ciwo.

Washegari aka tara jama'a a ƙofar fada. Sankira ya gyara murya zai yi shela, sarki ya dakatar da shi, ya miƙe da kansa. Ya ce an kawo masa wanda ya fi shi haƙƙi, ya kuwa ji ta bakinsa. Ya janye doka. Ya sa aka kwance Cindo, ya nemi gafararsa a gaban kowa, ya ce a sake taron sunan da dogarai suka watsa. Sannan ya karɓi jaririn ya ɗaga shi, ya ce, “Sunansa Halidu. Allah ya raya shi.” Karo na biyu ke nan da sunan ya fita daga bakinsa, kuma muryarsa ba ta kai ƙarshen addu'ar ba. Jama'a suka ƙarasa masa da amin.

Sunan ya koma gari, ya ma fi da yawa. Fatake suka ɗauke shi zuwa ƙasashen da ba su san bukkokin bayan ganuwa ba, ana raɗa wa yara ba a san dalili ba, sai dai a ce suna ne mai daɗi, ma'anarsa mai daɗewa. Kullum Ladingo takan goyo yaron ta kawo shi cikin gida, Kubura ta ɗauke shi ta yi ta kiransa ko ba dalili. Ta ɗan murmure, har ta koma cin tuwo. Amma ramar da ta yi ta riga ta yi nisa. Yaron yana rarrafe, bai kai ga tafiya ba, Allah ya yi wa Kubura rasuwa.

Bayan an share makoki, Yalwa ta zo za ta naɗe tabarmar gindin katanga, sarki ya ce a bar ta. Daga nan in an sallame la'asar sai ya sallami fadawa, ya shiga ya zauna a wurin shi kaɗai. Yalwa ta ce wata rana tana wucewa da ƙwarya, ta ji wata mata a bayan katanga tana ta kiran ɗanta Halidu, yaron ya tsaya wasa bai amsa ba. Matar ta kira, ta sake kira. Sai ta ji sarki ya ce a hankali, fuskarsa tana kallon bango, “Amsa mana, ɗan nan. Uwarka ce take kira.”